Daga Fas Zuwa Marzuga: Yadda Ake Ɗaukar Direba da Ɗan Jagora a Saharar Maroko

Duk shekara mutanenmu suna zuwa birnin Fas ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a can a 1815. Su yi kwana uku ko huɗu tsakanin zawiyya da masallacin Ƙarawiyyin, su sayi jallabiya da turare, su hau jirgin ƙasa su koma Kasablanka. Kaɗan ne daga cikinsu ke juya fuska kudu, alhali tafiyar yini guda a mota ce kawai tsakaninsu da Tafilalt, ƙasar dabino inda ayarin Sahara ke ɗaure kaya a da, da tuddan yashin Marzuga da ke bayanta. Wanda ya riga ya kashe kuɗin biza da na jirgi har ya isa Fas, ya dace ya ƙara kwana huɗu ko biyar ya ga kudu. Kuma shawarata ita ce ya ɗauki mota da direba na kansa, shi da iyalinsa ko abokan tafiyarsa, kada ya shiga bas ɗin haɗaka.

Bas ɗin haɗaka ya fi araha nesa ba kusa ba, wannan ba a musu. Amma an tsara shi ne don matasan Turai masu son hoton faɗuwar rana a kan raƙumi. Mutum sha biyar ko fiye a mota ɗaya, an riga an yanke inda za a tsaya da inda za a ci abinci, ba mai jiran ka ka yi alwala, ba kuma mai ratse hanya don ka ga kufan wani tsohon birni. Bahaushe da ya girma yana ganin raƙuma a Mai'aduwa ko Agadas ba yashi kaɗai ya kai shi ba. Yana son ya yi sallarsa a kan lokaci, ya tsaya a inda tarihi yake, kuma idan yana tare da dattijo ko yara a tafi da su sannu. Duk waɗannan sai da direban da ke amsa umarninka. Sai dai samun irin wannan direba yana da hanyarsa, kuma yawancin aikin tun kana gida ake gama shi.

Abu na farko da ke rikita baƙo shi ne bambancin direba da ɗan jagora. A Maroko sana'o'i biyu ne daban, kowace da takardarta. Ɗan jagora na hukuma yana da lasisi daga ma'aikatar yawon buɗe ido, yana rataye da katin shaida mai hotonsa, kuma kashi biyu ne: masu zagaya da mutane cikin birane da wuraren tarihi, da masu kai mutane duwatsu da hamada. Shi kuwa direba izinin ɗaukar baƙi a mota yake da shi. Zai ba ka labari a hanya iyakar saninsa, amma doka ba ta ba shi damar shiga gabanka yana bayani a lungunan tsohon Fas ba, kuma akwai 'yan sanda na musamman masu sa ido a kan haka. Saboda haka tafiya irin wannan mutum uku take ci: direba daga farko har ƙarshe, ɗan jagoran birni na rabin yini ko yini guda a Fas da Marrakesh, sai mai jan raƙumi ko mai jif a cikin yashi. Idan kamfani ya rubuto maka cewa zai ba ka "direba kuma jagora", ka tambaye shi ƙarara ko kuɗin jagoran birni yana ciki.

A tsohon Fas kam ka ɗauki jagora, kada ka yi rowa. Mota ba ta shiga, lunguna dubbai ne, taswirar waya tana rikicewa tsakanin dogayen katangu. Jakuna da alfadarai ne ke dakon kaya, in ka ji an ce "balak" daga bayanka to ka manne da bango. Samarin da za su tare ka suna cewa hanyar nan a rufe take, bari su nuna maka wata, ba jagorori ba ne. Ka ce "la, shukran" ka wuce abinka.

Wajen neman kamfani, mafi amincin hanya har yanzu ita ce bakin wanda ya je ya dawo. Muƙaddamai da 'yan kasuwa masu yawan zuwa Fas sukan san wani. Idan a intanet ka samo, kada kyawun hotuna ya ɗebe ka, domin tuddan yashi ɗaya ne kowa ke ɗauka. Ka nemi su turo maka lambar lasisin kamfani da takardar farashi mai ɗauke da sunan kamfanin da lambarsa ta ICE, wadda kowane kamfani mai rajista a ƙasar ke da ita. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu, a biya shi cikin asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin, sauran kuma sai ka ga mota da idonka. Sannan ka nemi a haɗa ka da direban da kansa a WhatsApp tun kafin ka taso, ka kira shi da murya. Mai amsa saƙonni a ofis daban yake da wanda za ka zauna gefensa kwana biyar. Mutanen kudu yawancinsu Amazig ne, harshen gidansu Tamazigt, suna jin Larabcin Maroko da ake kira Darija, da dama kuma suna jin Faransanci ko Sifaniyanci ko Ingilishi na sana'a. Wanda ya yi karatun Larabci a zaure ko Islamiyya zai sha mamakin yadda Darija ke haɗiye wasula, amma in ya yi Fusha a hankali akasari za a gane shi. Mutanen Nijar da Chadi da Kamaru masu Faransanci sun huta. Minti biyar na waya ya isa ka san ko za ku fahimci juna.

Yanzu ga inda nake so ka zauna ka nutsu: yarjejeniya a rubuce. Rigimar da ake yi a ƙarshen irin wannan tafiya kusan duk daga abin da ba a faɗa ba tun farko take fitowa. Farashin na mota ne ko na kowane mutum? Mai da kuɗin kwanan direba da abincinsa suna ciki? Idan ka tashi daga Fas ka ƙare a Marrakesh, direba zai koma gida da mota ba kowa, kuma wannan ma kuɗi ne. An lissafa shi ko sai an isa za a tayar da maganar? Masauki kuwa a rubuta sunansa, kada ka yarda da "otal mai kyau" ko "makamancinsa", domin da suna ne za ka iya dubawa da kanka. Al'adar da aka saba ita ce abincin dare da karin kumallo suna cikin kuɗi, na rana kai ke biya. A rubuta irin motar ma. Prado tana ɗaukar mutum huɗu da kayansu cikin walwala. In kun kai shida ko bakwai gara ƙaramin bas irin Vito. Kwalta ce har cikin Marzuga, saboda haka jif ba dole ba ce sai ranar da za a shiga jeji, ita kuma ana iya hayarta a can.

Akwai magana biyu da kamfani ba zai kawo da kansa ba, kai ne za ka sa su. Ta farko salla. Ka ce kana son a tsaya azahar da la'asar a masallaci, kuma in Juma'a ta riske ku a hanya a tsara yadda za ku same ta a gari. Direban Musulmi ne Bamalike irinka, zai ji daɗin haka, amma sai ya sani tun da wuri ya gina lokacinsa a kai, musamman da yake masallatai da yawa a ƙasar ana rufe su tsakanin salloli. Ta biyu kantuna. Direbobi da jagorori suna da la'ada a wajen masu darduma, masu man argan, da masu sassaƙa duwatsun da ke ɗauke da burbushin halittun da a Arfud. Ba na ganin laifinsu, wani ɓangare ne na abincinsu, amma kuɗin daga aljihunka yake fita, lokacin kuma daga yininka. Ka faɗa cikin mutunci cewa ba ka son tsayawar kanti sai wadda ka nema, kuma za ka yi tukuici mai kyau a ƙarshe. In ka faɗi haka to ka cika.

Sai maganar kwanaki, wadda a nan ne ake yawan cutar kai. Daga Fas zuwa Marzuga kusan kilomita 470 ne, awa bakwai zuwa takwas na tuƙi zalla. Daga Marzuga zuwa Marrakesh kusan kilomita 560, awa tara ko goma, cikin duwatsu. Kamfanoni suna sayar da wannan duka a kwana uku. Ana yin sa, amma za ka isa yashi a gajiye dab da magariba, a ɗora ka a raƙumi, ka kwana, da hantsi a mayar da kai mota. Wanda ya yi haka gilashin mota ya gani. Kwana huɗu shi ne mafi ƙaranci, biyar kuma shi ne daidai, da dare biyu a Marzuga. Ka yi hattara kuma da tallar "Sahara a yini ɗaya" daga Marrakesh. Wurin da suke kai mutane Agafay ne, fili mai duwatsu da tsakuwa a bayan gari, babu tudun yashi ko ɗaya. Zagora ma, mai allon nan da ke cewa kwana 52 ne zuwa Tumbuktu a raƙumi, tuddanta ƙanana ne. Manyan jigayi biyu ne ake zuwa: Irg Shabbi a Marzuga, wanda a taswira za ka ga an rubuta Erg Chebbi da Merzouga, sai Irg Shigaga can bayan Mahamid, wanda ba a isa gare shi sai da jif ko raƙumi.

Lokacin tafiya mafi daɗi shi ne Oktoba da Nuwamba, sai Maris zuwa farkon Mayu, ko da yake a bazarar tasu akan yi guguwar ƙura. A Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 45, lokacin da 'yan ƙasar masu ciwon gaɓoɓi ke zuwa a binne su cikin yashi mai zafi don magani. Kada ka ce ai ka saba da zafin Sakkwato ko Maiduguri ka kwashi yara zuwa tanti a wannan lokaci. Disamba da Janairu kuwa rana lafiya lau, amma dare yakan sauka kusan sifili, sanyin da ya fi na hunturun da muka sani, kuma dusar ƙanƙara kan toshe mashigan duwatsun Atlas. Makon Babbar Salla kasuwanni da gidajen abinci da yawa a rufe suke, direbobi ma suna son gida.

Ranar tashi daga Fas ku fita da sassafe, bakwai ko bakwai da rabi. Cikin awa guda da 'yan mintuna kun hau Ifran, gari mai tsayin sama da mita 1,600, mai gidaje masu jan rufi da sanyi ko da rani. Gaba kaɗan dajin manyan itatuwan arzi ne kusa da Azru, inda birai ke fitowa bakin titi. Midalt, garin tuffa, nan ake cin abincin rana, kuma nan ya kamata mai tafiya da dattijo ya yi tunanin yada zango. Daga nan ƙasa ta fara bushewa, hanya ta bi kwazazzabon kogin Ziz ta fito Rashidiyya. Bayan Rashidiyya akwai wani wuri a bakin hanya da kowane direba ya sani. Ka ce lallai a tsaya. Kana tsaye a kan busasshen dutse ja, sai ka leƙa ƙasa ka ga kwari cike da dabino kore shar, yana miƙe iyakar ganinka, da ƙauyukan laka masu ganuwa a gefensa. Dabinon Majhul da ake ji da shi asalinsa daga wannan yanki ne, kuma a Oktoba ake girbinsa. Ka ciri kuɗi a banki a Rashidiyya ko Arfud, domin gaba da nan aljihu ne ke aiki.

Risani ne garin da bas ɗin haɗaka ke wucewa da gudu, shi ne kuma na fi so ka ba lokaci. A gefensa kufan Sijilmasa yake, birnin da aka kafa a 757, wanda ya yi ƙarnoni yana zaman ƙofar arewa ta cinikin zinariya da gishiri. Daga nan matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa ya tashi don tsallaka Sahara a farkon 1352, bayan ya sayi raƙuma ya yi wata huɗu yana kiwata su. Kwana 25 suka yi kafin Tagaza, garin gishiri, wata biyu kafin Walata. Ya ba da labarin cewa ayarinsu sun biya miskali 100 na zinariya ga mutumin da ke riga su yin gaba don a taro su da ruwa, kuma jagoransu ido ɗaya gare shi, ɗayan ma ba lafiya, amma ba wanda ya kai shi sanin hanya. Da zai komo ya biyo ta Takadda, a ƙasar Nijar ta yau, inda ya ambaci Gobir da Barno cikin wuraren da ake kai tagullar garin, ya sake sauka Sijilmasa a ƙarshen 1353. Abin da ya rage yau guntayen katangun laka ne da tarin ƙasa, babu wani gini mai ɗaukar ido, shi ya sa direba zai ce maka ba komai a wurin. Ka ce ka ji, amma a kai ka. Wanda ya san labarin rabin awa a nan ya fi masa wasu wurare masu tikiti. Kusa da nan kuma hubbaren Maulaya Ali Sharif yake, kakan gidan sarautar da ke mulkin Maroko har yau.

Kasuwar Risani tana ci Talata da Alhamis da Lahadi, ka daidaita kwanakinka ka dace da ɗaya. Akwai fili guda da ba a ajiye komai sai jakunan 'yan ƙauye, kowanne a ɗaure yana jiran mai shi, ga rumfunan dabino iri-iri, ga kara ta tumaki. Abincin garin shi ne madfuna: a shimfiɗa ƙullin alkama, a zuba nikakken nama da albasa da kayan ƙamshi, a rufe da wani ƙullin a gasa. Yadda 'yan gari ke yi shi ne su sayi nama wajen mahauci, a kai wa mai tanda, a dawo bayan kamar awa guda. Ka bar direba ya shige gaba a wannan, a nan ne sanin gari ke amfani. Wajen ciniki, "bishhal" shi ne nawa, "bizzaf" ya yi yawa, "wakha" na yarda. Taya da ragi kuwa ba sai an koya wa Bahaushe ba.

Daga Risani zuwa Marzuga bai kai awa ɗaya ba. Za ka fara hango jigayin daga nesa, jajaye, sun taso daga baƙin fili mai tsakuwa. Tsawonsu daga arewa zuwa kudu bai kai kilomita 30 ba, amma wasu tuddan sun kai mita 150. Ana barin manyan akwatuna a masauki ko a mota, a ɗauki ƙaramar jaka: rigar sanyi, safa, tocila, magungunanka, abin cajin waya, darduma, da buta, domin ba kowane sansani ke da ita ba. Raƙumi yana durƙushe za ka hau, ka kama ƙarfen da ke gaban sirdi da hannu biyu, ka kwantar da bayanka baya, saboda da ƙafafun baya yake fara miƙewa, sai ka ji kamar za a tuntsurar da kai ta kansa, sannan ya ɗaga gaba. Haka ma wajen gangara tudu, baya ake jingina. Tafiyar kamar awa ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi. Mata su sa wando a ƙarƙashin abaya, zane ba ya hawa raƙumi. Mai juna biyu, mai ciwon baya da tsoho su bi jif, ba abin kunya ba ne, sansani ɗaya za a haɗu.

Sansanonin suna da daraja hawa-hawa, kuma sunan "na alfarma" kowa na liƙa wa nasa. Tambayoyin da ke fayyace gaskiya su ne: banɗaki a cikin tantin yake ko na haɗaka ne, akwai ruwan zafi, akwai abin ɗumama ɗaki, kuma ina ainihin wurin yake. A 2019 hukuma ta tashi sansanoni da dama daga tsakiyar tuddan, yawanci yanzu a gefe suke, wasu har kana jin ƙarar babura masu ƙafa huɗu. Ka nemi a turo maka wurin a taswira. Bayan abincin dare ma'aikata kan hura wuta su yi kiɗan ganga, wasu baƙin kuma kan zo da giyarsu. Mai iyali ya nemi tanti na can ƙarshe tun wajen yin ciniki. Alƙibla a nan kusan gabas ce sak, ba ta karkata arewa kamar yadda muka saba. Lokacin zafi ka kakkaɓe takalmi kafin ka sa, saboda kunama. Kada ka yi nisa kai kaɗai da dare, tuddan duk kama ɗaya suke, iska kuma tana share sawu. Iyakar Aljeriya tana nan kusa ta gabas, a rufe take tun 1994, sojoji ne ke gadinta, ba wurin gwada sa'a ba ne.

Amfanin dare na biyu shi ne yinin da ke tsakani. A ɗauki jif a zagaya bayan jigayin, a sha shayi a tantin makiyaya, a ga rijiyoyin da aka jera aka haɗa ta ƙarƙashin ƙasa don jawo ruwa zuwa gonaki, a ƙarasa Khamliya, ƙauyen da ke kudu da Marzuga kaɗan. Mutanensa baƙaƙe ne, jikokin waɗanda aka tsallako da su Sahara a matsayin bayi, kuma suna riƙe da kiɗan Ginawa, da manyan ganguna da ƙarafan kaɗawa a hannu. Masana sun daɗe suna nuna dangantakar wannan al'ada da ƙasashenmu, har da bori. Bature yana zuwa nan ya ji kiɗa ya tafa. Kai kuwa ka zauna ka gaisa da dattawansu da kyau, domin hanyar da ta kai zinariya da fata arewa ita ce ta kai kakanninsu, kuma wannan ɓangare ne na tarihin da bai kamata mu kau da kai daga gare shi ba. In kun ziyarci makiyaya, sukari da shayi da man girki sun fi alewar da ake raba wa yara.

Hanyar Marrakesh a raba ta biyu. Rana ta farko a bi ta Tingir a shiga kwazazzabon Todga, inda duwatsu suka matse har faɗin ya koma kamar mita 10, a kwana a kwarin Dadis. Kashegari a wuce Warzazat da Ait Bin Haddu, garin laka da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1987, a haura mashigin Tishka mai tsayin mita 2,260. Kwane-kwanen hanyar suna sa jiri, mai saurin amai ya sha magani ya zauna gaba. Malamin da littattafai suka fi damunsa yana iya sauya hanya ta Zagora ya ziyarci Tamgurut, inda zawiyyar Nasiriyya ke ajiye da dubban rubutattun littattafai. Kwana ɗaya zai ƙara. A Marrakesh ka gaya wa ɗan jagora tun farko cewa waliyyai bakwai na garin kake so, in ba haka ba fada da lambu da kasuwa zai kai ka. Cikinsu akwai Alƙali Iyad mai Ashafa, wanda ya rasu a 1149, da Imam Jazuli mai Dala'ilu.

Game da takardu, mai fasfon Najeriya sai da biza, ana nema a ofishin jakadancin Maroko da ke Abuja. Ƙa'idar ta bambanta ga masu fasfon Nijar da Ghana da sauran ƙasashe, kowa ya tabbatar da tasa a ofishin jakadanci kafin ya sayi tikiti. Royal Air Maroc na tashi zuwa Kasablanka daga Legas da Yamai da wasu biranen yankinmu. Ka riƙe tikitin dawowa da takardar masauki da tsarin tafiyar da kamfani ya ba ka a buge a takarda, jami'in filin jirgi kan tambaya. Za a buga maka wata lamba a fasfo, ita ce kowane masauki zai nema. Fasfon ya zauna a jikinka, ba cikin akwati ba, saboda shingayen jandarma suna da yawa a hanyar kudu, kuma baƙon da ya fito daga ƙasashenmu an fi tambayarsa takarda. Kada ka ɗauki hoton ɗan sanda ko soja. Kada ka zo da ƙaramin jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi, kwastan za su karɓe. Kuɗin ƙasar dirhami ne, a can ake canzawa, saboda haka ka taho da Yuro ko dala, kada ka dogara da katin naira. Layin waya na Maroc Telecom ko Orange ko Inwi ana samunsa tun a filin jirgi da fasfo. Lambar jandarma a wajen gari 177 ce, ta 'yan sanda a gari 19, ta motar asibiti 15. Babban asibitin yankin yana Rashidiyya, kusan awa biyu daga Marzuga, saboda haka mai hawan jini ko ciwon sukari ya taho da magani fiye da na kwanakinsa, ya kuma yi inshorar tafiya.

Shi kuma direba, ka riƙe shi riƙon abokin tafiya. Ana sa "Si" a gaban sunan namiji don girmamawa, shi kuma in ya ga furfura zai kira ka "Alhaj". Ka kira shi ku ci tare ko da zai ce a'a. Kada ka matsa masa ya yi gudu, tarar na'urar auna gudu a kansa take, kuma kada ka yarda da tuƙin dare a duwatsu. Idan wani abu ya saɓa wa yarjejeniya, ka kira ofis a ranar, kada ka bari sai an isa Marrakesh. Ranar rabuwa ka sa tukuicinsa a ambulan ka miƙa masa a hannu, mai jan raƙumi da ma'aikatan sansani ma kowa da nasa. In ka same shi mutumin kirki ka ajiye lambarsa don na bayanka. Mai niyyar zuwa a Oktoba ya fara neman biza da tuntuɓar kamfanoni tun Agusta, domin direbobin ƙwarai da wuri ake kama su.